Makullin tashar YouTube: Abin da rufe layukan waya a Zamfara ya tona

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin jami'an tsaro su samu damar far wa 'yan bindiga a dazuka. Da farko an ce mako biyu za a yi. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuma sai da Nuwamba ya kusa ƙarewa kafin gwamnati ta sanar da ɗage dokar.

A Kwatarkwashi, garin da ke gindin dutse a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, waya ta koma tocila da rediyo. Mai son yin kira sai ya shiga mota. Ko Funtuwa da mutane suka fara kwarara don neman sabis, ba a jima ba ita ma aka haɗa ta cikin ƙananan hukumomin Katsina da aka rufe.

An yi ta maganar asarar da 'yan kasuwa da masu POS suka yi a lokacin. Akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba: masu tashoshin YouTube. Su abin ya zo musu biyu ne, domin ana cikin wannan hali, daga ranar 1 ga Nuwamba, 2021, YouTube ta wajabta wa duk tashar da ke samun kuɗin talla ta kunna tantancewa mai mataki biyu kafin a iya shiga YouTube Studio, wato ɗakin da ake sarrafa tasha. Hanyar da akasarin mutane ke zaɓa ita ce a turo musu lamba ta saƙon tes.

A nan gizo ke saƙar. A ɗauka mai tasha yana Kwatarkwashi, ƙanensa yana karatu a Zariya. Ƙanen yana da bidiyon, yana da data, ya kuma san kalmar sirri. Ya gwada shiga daga wayarsa, sai Google ta ga baƙuwar na'ura, ta aika lambar tantancewa zuwa layin yayan. Layin yana cikin aljihu a garin da babu sabis. Tashar ta tsaya cak, alhali babu wanda ya yi mata kutse.

Da a ce tun farko an naɗa ƙanen edita a tashar da adireshinsa na Gmail, da bai buƙaci kalmar sirrin kowa ba, bai kuma buƙaci layin kowa ba. Wannan tsarin yana nan a cikin YouTube, kyauta, amma har yau al'adar da ta fi yawa ita ce a rubuta wa mutum kalmar sirri a WhatsApp.

Yadda ake haihuwar tasha

Tashoshin Hausa da yawa ba masu su ba ne suka buɗe su. Malami yana karatu a masallaci, sai wani almajirinsa mai wayar da ta fi ta kowa kyamara ya fara ɗauka. Mawaƙi ya je shagon masu tura fina-finai a waya ya ce a buɗe masa tasha. Ƙungiyar matasan gari tana son a adana hawan sallah ko hotunan dutsen Kwatarkwashi, sai a ɗora wa sakatare aikin. A duk waɗannan, wanda ya danna maɓallan da imel ɗinsa da lambar wayarsa yake amfani, domin su ne a hannu.

Ranar da aka buɗe babu wanda ya damu, saboda tashar ba ta da ko sisi. Damuwa tana zuwa ne idan ta girma. Tun daga 2018 sharaɗin YouTube na fara raba kuɗin talla shi ne mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12. Daga 2020, lokacin da shirye-shirye masu dogon zango irin Izzar So a tashar Bakori TV da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa YouTube na iya zama kasuwar fim ɗin Hausa bayan mutuwar kasuwar faifan CD, kowa ya gane cewa tasha dukiya ce kamar shago.

Sai dai shago yana da takarda da shaidu da mai unguwa. YouTube ba ta san muryar wa ke cikin bidiyo ba, ba ta san wa ya sayi kyamara ba. A wurinta mai tasha shi ne mai asusun Google ɗin da aka buɗe ta da shi.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗa mutane. Kuɗin ba ta cikin tashar suke fita ba, ta wani asusu ne daban mai suna AdSense, wanda ke da nasa sunan, nasa adireshin da nasa asusun banki. Sai kuɗi sun kai dala 100 ake biya. Mutum na iya riƙe da kalmar sirrin tasha, sunansa da hotonsa ne a kanta, amma AdSense ɗin da aka jona na wani ne. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Muƙaman da YouTube ta tanada

A cikin saitin YouTube Studio akwai sashen izini, inda mai tasha zai gayyaci mutum ta adireshin imel ya kuma zaɓa masa matsayi. Manaja yana iya kusan komai, har da gayyatar wasu da cire su, amma ba zai iya goge tashar ba. Edita yana ɗora bidiyo, ya gyara, ya wallafa, amma ba shi da ikon naɗa kowa. Akwai editan da aka rage wa iko, wanda ke yin aikin edita amma ba ya ganin lissafin kuɗin shiga. Akwai mai kallo kawai, wanda ke ganin alƙaluma ba tare da ya taɓa komai ba, shi ma da irinsa wanda ba ya ganin kuɗi. Akwai kuma wanda aikinsa rubutun fassara na ƙasan bidiyo kaɗai. Gayyatar tana lalacewa idan aka yi kwana 30 ba a karɓa ba.

Amfanin wannan a bayyane yake. Kowa da asusunsa yake shiga, kuma ranar da aka raba gari da yaron da ke haɗa bidiyo, cire sunansa aikin minti ɗaya ne. Wanda aka bai wa kalmar sirri kuwa ba tasha kaɗai aka ba shi ba. An ba shi akwatin Gmail, da hotunan iyali da ke Google Photos, da lambobin wayar mutane, da ikon sauya lambar da ake dawo da asusu da ita. Idan ya sauya wannan lambar da kalmar sirrin, mai tashar ne zai koma yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da ke hana mutane yin hakan ba wahalar saiti ba ce, kunya ce. Da wuya Bahaushe ya dubi almajirin da ya yi shekara biyar yana ɗauka yana ɗorawa ba a biya shi ko kwabo ba, ya ce masa daga yau kai edita ne, ba ka ganin kuɗi. Sai a ga kamar an zarge shi. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma tsarin yana kare shi kansa yaron. YouTube na rufe tashar da ta tara gargaɗi uku kan satar fasaha, ko uku kan karya ƙa'idojinta cikin kwana 90. Idan mutum biyar ne ke shiga da kalmar sirri ɗaya aka wayi gari wani ya ɗora waƙar da ba tasu ba, ko aka goge karatun shekara guda, zargi kan wanda ya fi kusa da wayar yake faɗawa.

Ƙofar da ba a gani

Duk wannan maganar mutane ce. Akwai wata ƙofar da ba mutane ke bi ta cikinta ba, manhajoji ne, kuma ita ce masu tasha suka fi jahilta.

Ana kiranta API. Hanya ce da kamfani ke buɗewa domin manhajar wani ta yi magana da kwamfutocinsa kai-tsaye, ba tare da mutum ya zauna yana danne-danne ba. Manhajojin da ke watsa karatu kai-tsaye a YouTube da Facebook lokaci guda, irin StreamYard da Restream, ta nan suke bi. Haka masu nazarin alƙaluman tasha irin vidIQ da TubeBuddy. Haka kuma ɗan ƙaramin tsarin da wani matashi da ya karanta kwamfuta a Gusau ko Kano zai rubuta domin ya riƙa ɗora wa malamai bidiyo a kan lokaci.

Manhajar kirki ba ta tambayar kalmar sirri. Tana bin wata ƙa'ida mai suna OAuth 2.0, wadda aka fitar a 2012. Manhajar za ta tura mai tasha shafin Google, can zai ga jerin abin da take nema, idan ya amince sai Google ta ba manhajar wata shaida ta musamman. Kamar mai gida ne ya ba ɗan aike takarda mai hatimi cewa a bar shi ya shiga zaure, ba tare da ya miƙa masa makullin ɗaki ba.

Matsalar ita ce ba kowace takarda ce ta zaure ba. Izinin hawa-hawa ne. Akwai na duba bayanan tasha kawai. Akwai na ɗora bidiyo. Akwai na ganin rahoton kuɗi. Akwai kuma wanda shafin Google ɗin ke faɗa ƙarara cewa manhajar za ta iya gani, ta gyara, ta kuma goge bidiyo da sharhi har abada. Rubutun da Turanci yake fitowa a yawancin wayoyi, ƙanana ne kuma, ga mutum yana sauri saboda an kusa fara tafsiri. Sai ya danna amincewa. Manhajar da ta ce aikinta ƙirga masu kallo ne, amma ta nemi ikon goge bidiyo, ta isa a tsaya a tambaye ta dalili.

Shaidar da Google ke bayarwa iri biyu ce. Ta farko gajera ce, kusan sa'a ɗaya take yi ta mutu. Ta biyu ita ce ke sabunta ta farkon, kuma tana iya daɗewa muddin ana amfani da ita, sai dai idan an soke ta ko an yi wata shida ba a taɓa ta ba. A ƙa'idar da Google ta wallafa wa masu rubuta manhaja, sauya kalmar sirri yana kashe wannan shaida ne idan izinin ya haɗa da na Gmail. Ma'ana, mai tasha na iya sallamar wanda ya rubuta masa manhajar, ya sauya kalmar sirri, ya kwanta da murna, alhali manhajar tana nan da ikonta na ɗorawa da gogewa. Inda ake soke ta daban ne: a cikin saitin asusun Google, sashen tsaro, wurin da aka jera manhajojin waje da aka ba izini. Mutum da yawa idan suka buɗe wannan jerin a karon farko sukan tarar da sunayen da suka manta sun taɓa gani.

Wani abin da ke ba masu rubuta manhaja mamaki shi ne, cikin ayyukan da API ɗin YouTube na kowa da kowa ke yi, babu na naɗa manaja ko tsige edita. Kamfanin fim mai tashoshi biyar ba zai iya rubuta tsarin da zai cire ma'aikacin da ya bar aiki daga dukkansu lokaci guda ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Sannan wanda aka gayyata ta sashen izinin Studio, ko da manaja ne, YouTube ta ce wannan izinin bai haɗa da API ba. Wannan giɓin ne ke mayar da mutane gidan jiya: editan ya gwada jona manhajar watsa shiri, ta ƙi, sai ya kira mai tasha ya ce a turo masa kalmar sirri. Abin da ya dace shi ne mai tashar ya buɗe shafin amincewar a wayarsa, ya karanta, ya danna da hannunsa.

Google ita ma ta san ana ɓarna ta wannan ƙofa. Duk manhajar da aka yi wa rajista bayan 28 ga Yuli, 2020, kuma ba ta wuce binciken kamfanin ba, bidiyon da ta ɗora a ɓoye yake zama, jama'a ba sa gani. Don haka matashin da ya yi wa malam alƙawarin tsarin ɗora karatu da kansa, akwai sauran aiki a gabansa kafin alƙawarin ya cika.

Masu watsa shiri kai-tsaye suna da ƙarin makulli guda, wato doguwar lambar watsawa da ake kwafa a saka a manhaja irin OBS. Wanda ke da ita yana iya tura hoto zuwa tashar. A watan azumi takan yi yawo daga waya zuwa waya tsakanin masu ɗaukar tafsiri, kuma da wuya a tuna a sabunta ta bayan sallah, duk da cewa maɓalli ɗaya ne.

Ba ƙananan tashoshi kaɗai ba

Wanda ke ganin wannan matsalar ta mutanen karkara ce, ya dubi abin da ya faru da Linus Tech Tips, tashar fasaha ta ƙasar Kanada mai mabiya sama da miliyan 15 a lokacin. A ranar 23 ga Maris, 2023, aka ƙwace ta, aka sauya mata suna zuwa Tesla, aka shiga watsa bidiyon damfarar kuɗin kirifto da fuskar Elon Musk. Ba a saci kalmar sirri ba, ba a kuma karya tantancewa mai mataki biyu ba. Wani ma'aikaci ne ya buɗe fayil ɗin da ya zo a matsayin tayin talla, fayil ɗin ya kwashe shaidar da burauza ke ajiyewa don kada a riƙa tambayar mutum kalmar sirri kullum. Da ita ɓarayin suka shiga kamar 'yan gida. Mai tashar, Linus Sebastian, ya amince daga baya cewa da an taƙaita ikon da ma'aikata ke da shi a tashar, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A watan Oktoban 2021, sashen nazarin barazana na Google ya ce daga watan Mayun shekarar ya tare saƙonni miliyan 1.6 na irin wannan yaudara da aka aika wa masu tashoshi, ya kuma dawo da asusu kusan 4,000. Rahoton ya ce ana sayar da tashar da aka sace daga dala 3 zuwa dala 4,000, gwargwadon yawan mabiyanta. Farashin dala 3 ɗin shi ne abin lura ga mai ƙaramar tasha: ɓarawon bai raina ta ba.

Linus ya samu tasharsa cikin kwana guda, domin yana da waɗanda zai kira a YouTube. Mai tashar wa'azi a Tsafe ko Bunguɗu fom zai cike da Turanci, ya jira.

Layin waya ba ginshiƙi ba ne

A Najeriya jingina tasha da layi ɗaya ganganci ne, ko babu rufe sabis. Tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, an sha toshe layukan da ba su cika sharaɗi ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya sake sayar da lambarsa ga wani. Ga satar waya, ga layukan da aka yi wa rajista da sunan wani ɗan'uwa tun shekarun baya. A yankin da mutane ke barin gidajensu da tsakar dare saboda hari, waya na cikin abubuwan da ake rasawa.

Google tana da hanyoyin da ba su dogara da saƙon tes ba. Tana bayar da lambobin ajiya guda goma, kowace mai alƙaluma takwas, kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Ana iya rubuta su a takarda a ajiye inda ake ajiye takardar fili. Akwai manhajar Google Authenticator, wadda ke fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ko da babu sabis a wayar. Da wannan, mai tashar da ya fita Zariya ko Kaduna neman intanet a 2021 zai iya shiga ko da layinsa ya ɓata a hanya.

Ranar da mai tasha ba ya nan

Saura batun da ba a son tayarwa. Matsayin manaja ko edita ba ya mayar da mutum mai tasha, kuma ba a miƙa mallaka ta sashen izinin Studio. Tashar da ke iya sauya hannu ita ce wadda aka ɗora a kan nau'in asusun da Google ke kira Brand Account, wanda ke karɓar masu mallaka fiye da ɗaya, da babba guda a cikinsu. Tashar da aka buɗe da Gmail ɗin mutum ɗaya ana iya mayar da ita kan irin wannan asusu, amma sai da hannun mai Gmail ɗin.

Ga masallaci ko makarantar Islamiyya ko ƙungiyar gari, wannan shi ne bambancin tashar da ta zama ta jama'a da wadda ke rataye a wuyan mutum ɗaya. Idan almajirin da ya buɗe ta ya rasu, Google ta ce ba ta bai wa iyalan mamaci kalmar sirri. Tana iya duba buƙatar rufe asusun, a wasu lokuta ta ba da wasu bayanan da ke ciki, amma ba ta miƙa makulli. Bidiyon na iya ci gaba da zama ana kallo, sai dai babu mai iya ƙara ko ɗaya, babu mai iya amsa gargaɗi idan ya zo, kuɗin kuma suna ci gaba da tafiya inda aka jona su tun farko. Magada za su raba gona da awaki a gaban alƙali, su tsaya suna kallon tasha mai mabiya dubu hamsin ba su san ta inda za su kama ta ba.

Ko a Brand Account ɗin ma ba a yin abin cikin gaggawa. Wanda aka ƙara a matsayin mai mallaka sai ya cika kwana bakwai kafin a iya mayar da shi babba, kuma kwanakin ba sa fara ƙirguwa sai ya karɓi gayyatar.